Shin magidanci zai iya canja soket da makunnin wuta da kansa?

Magidanci, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wuta a cikinmu. Soket ɗin ɗakin girkinmu, inda uwargida take jona butar tafasa ruwa, ya yi baƙi a gefen rami ɗaya, kuma idan an daɗe ana amfani da shi sai ƙaurin roba ya cika ɗakin. Haka nan makunnin fitilar falo ya fara tartsatsi duk lokacin da aka danna shi. Na riga na sayo sababbi, kuma niyyata ita ce in jira a ɗauke wuta in canja su da kaina, tunda aikin bai wuce kwance sukuru da ɗaura waya ba. Gidan na haya ne, muna da ƙaramin janareta da inbata mai sola. Shin akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Matashi, Rigasa:
Wa alaikumus salam Baba. Ni a ganina wannan bai kai a kira mai gyara ba. Idan an ɗauke wuta ka sa testa, matuƙar ba ta kawo haske ba sai ka yi aikinka cikin 'yan mintuna. Haka muke yi a gidanmu, kuma ba mu taɓa ganin wata matsala ba.

Mai Wayarin, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanena na Rigasa, ka yi mini haƙuri, amma wannan shawarar ita ce ta fi kowace haɗari, kuma ina roƙon Alhaji kada ya bi ta. Ɗauke wuta daban, kashe wuta daban. Wanda ya ɗauke ta ba ya gidanka, bai san hannunka yana kan waya ba, kuma babu wanda zai sanar da kai lokacin da za a maido ta. Dukanmu a Kaduna mun san ana iya ɗaukewa a maido kafin mutum ya gama kwance sukuru na biyu.

Akwai kuma wani dalilin da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan babu wuta a unguwa gaba ɗaya, testa ba za ta yi haske a ko'ina ba, saboda haka ba ka da hanyar sanin ko bireka (makunnin da ke cikin akwatin wuta mai yanke layi) ɗin da ka sauke ita ce ta wannan soket ɗin, ba ka kuma da hanyar sanin ko testar da kanta tana aiki. Shi ya sa ni na fi son in yi irin wannan aiki da rana, a lokacin da akwai wuta. Zan jona fitila ko rediyo a soket ɗin in ga yana aiki, in je akwatin bireka in sauke, in dawo in ga ya mutu, sannan in auna. A nan ne na san cewa ni na kashe wutar da hannuna.

Kuma Alhaji ya ce akwai inbata a gidan. A gidaje da yawa layin inbata yana da nasa akwatin daban, ta yadda ko ka sauke babban makunnin wutar NEPA, fitilu da wasu soket suna nan da wuta daga batir. Wutar da inbata take fitarwa bolt 230 ce, daidai da wadda ake kawowa daga waje, kuma tana kisa kamar yadda waccan take yi. Sai an kashe inbata ɗin, an mai da makunnin sauya layi tsakiya, an kuma gaya wa mutanen gida kada wani ya ta da janareta ko ya ɗaga bireka har sai ka ce ka gama. Ni nakan manna salatif a kan bireka ɗin da na sauke, idan kuma akwatin mai ƙofa ne in kulle in sa makullin a aljihu, domin yaro mai son kallon talabijin ba ya tambayar dalilin da ya sa aka kashe.

Matashi, Rigasa:
Na ji wannan Malam, kuma na karɓa. Amma ai testa tana nuna gaskiya idan akwai wuta, ko ita ma da magana?

Injiniya mai ritaya, Barnawa:
Da magana, ɗana. Wannan testar mai kama da sukudireba tana yin haske ne idan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na wuta ya bi ta jikinka ya sauka ƙasa. Idan kana tsaye a kan kujerar katako, ko ka sa takalmin roba mai kauri a busasshen daɓe lokacin hunturu, haskenta yana iya dusashewa har ka kasa ganinsa, musamman a wurin da rana ta haska. Wani lokaci kuma takan yi haske a wayar da ba ta da wuta, saboda kawai ta bi bututu ɗaya da wadda take da ita. Abin da ya fi aminci shi ne mitar auna wuta mai wayoyi biyu. Ka fara gwada ta a soket ɗin da ka san yana da wuta, sannan ka auna wanda za ka taɓa ta hanya uku: tsakanin wayar wuta da nutural (wadda wuta take komawa ta cikinta), tsakanin wayar wuta da ta atin (wadda take tafiya ƙasa don kariya), da tsakanin nutural da ta atin. Idan duka ba su nuna komai ba, ka sake komawa ga soket mai wuta ka tabbatar mitar ba ta mutu a hannunka ba.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayar Alhaji shi ne baƙin da soket ɗin ya yi. Soket ba ya ƙonewa haka kawai, kuma wanda ya canja shi ba tare da ya gano dalili ba zai sake sayen wani nan ba da daɗewa ba. Soket mai rami uku masu kusurwa da muke amfani da shi a Najeriya tsarin Birtaniya ne da aka fara a 1947, kuma an yi shi ne don amfiya 13, wato iyakar yawan wutar da zai iya ɗauka ke nan. Idan ka ninka 13 da bolt 230 za ka sami kusan wat 3,000. Butar tafasa ruwa ita kaɗai takan kai wat 2,000 ko fiye, don haka idan aka sa mahaɗi mai baki da yawa aka jona buta da dutsen guga ko rishon lantarki a lokaci guda, an wuce ƙarfinsa. Wannan dalili ɗaya ke nan.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi yawa, shi ne sukurun da ya riƙe waya a bayan soket ya yi sako-sako, ko kuma bakin da yake kama ƙafar filogi ya saki. Duk inda haɗin ya yi sako-sako wuta tana wucewa da ƙyar, wurin yana zafi, zafin yana ƙara lalata haɗin, a haka har roba ta narke. Abin takaici shi ne bireka ba za ta faɗi ba, domin yawan wutar da ke bin wayar bai wuce ƙa'ida ba, zafin ne kawai ya taru a wuri guda. Tartsatsin makunnin falo ma galibi irin wannan ne. Ina ba da shawara a daina amfani da su biyun tun daga yau, kada a jira ranar gyara, kuma a duba filogin butar, domin idan ƙafarsa ta yi baƙi zai ɓata sabon soket ɗin ma.

Magidanci, Unguwar Dosa:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Na duba filogin butar yanzu, lallai ƙafa ɗaya ta yi baƙi, robar da ke kewaye da ita ta ɗan kumbura. Na kuma tambayi uwargida, ta ce wani lokaci ana jona dutsen guga a wurin tare da butar. To idan na kashe komai kamar yadda Malam ya ce, yaya zan gane wace waya ce za ta shiga ina?

Mai Wayarin, Tudun Wada:
Alhaji, kafin ka kwance ko waya ɗaya, ka ɗauki hoton bayan tsohon da wayarka ta hannu. A bayan soket akwai haruffa uku: L wurin wayar wuta, N wurin nutural, E wurin atin. Kada ka bi matsayin ramukan tsohon, domin kamfanoni suna bambanta wajen jera su, ka bi haruffan. A tsofaffin gidaje wayar wuta ja ce, nutural baƙa, atin kuma kore. A sabon tsari wayar wuta ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, atin kore da rawaya. Amma ina gaya maka a matsayin wanda yake buɗe bango kullum, launi ba hujja ba ne a garin nan. Na sha buɗe akwati in tarar da wayoyi uku duka ja, saboda nadin jar waya ne ya rage wa wanda ya yi aikin. Idan ka ga haka, ko ka ga launin bai yi daidai da harafin da aka ɗaura shi ba, ka tsaya ka kira wanda zai auna.

Idan ka ciro soket ɗin, ka duba bakin wayar da kyau. Wadda ta sha zafi robarta takan yi tauri ta farfashe idan ka lanƙwasa, jan ƙarfen kuma ya yi baƙi. Dole a yanke har inda waya take da laushi da sheƙi. A nan ne aikin yake rikicewa, domin sau da yawa abin da ya rage ba ya kai wa ga soket, sai ka ga an murɗa wata guntuwa an naɗe da salatif an tura cikin bango. Wannan murɗin shi ne wurin da zai yi zafi nan gaba, kuma a inda ido ba ya gani. Ko dai a yi amfani da mahaɗi mai sukuru daidai da ƙarfin layin, ko a jawo sabuwar waya ta cikin bututun.

Wajen ɗaurawa, a fere roba daidai yadda jan ƙarfe zai shige duka, kada ya leƙo waje, kada kuma sukuru ya danne roba maimakon ƙarfe. Idan ka tarar da waya biyu a kowane rami, duka biyun za su koma tare, domin layin yana wucewa ne zuwa wani soket. Ka ɗaure sosai, sannan ka ja kowace waya da yatsa ka ga ba ta zare ba. Idan akwatin cikin bangon na ƙarfe ne, shi ma yana buƙatar a haɗa shi da atin. Wajen mayarwa kuma a lura kada dogon sukurun fuska ya huda waya.

Hajiya, Malali:
Malam, ina da tambaya a kan makunni, tunda maganar ta zo. A gidana akwai ɗakin da idan an kashe fitila da dare ƙwan ba ya mutuwa gaba ɗaya, sai ya riƙa ɗan haske-haske. Kwanakin baya jikana ya hau canja ƙwan bayan ya kashe makunnin, ya ce wuta ta ɗan ja shi. Mun ɗauka tsoro ne irin na yara.

Injiniya mai ritaya, Barnawa:
Hajiya, kada a ɗauke shi tsoro. Ƙa'ida ita ce makunni ya yanke wayar wuta. Idan wanda ya yi wayarin ya sa shi a kan nutural, fitila za ta mutu idan an danna, amma mariƙin ƙwan yana nan da cikakkiyar wuta dare da rana. Ɗan hasken da kike gani yana iya samuwa ta wani dalilin daban a irin ƙwayayen nan na zamani marasa cin wuta, amma idan aka haɗa shi da abin da jikanki ya ji, to lallai a kira wanda zai auna, kuma kafin nan kada kowa ya canja ƙwai a ɗakin sai an sauke bireka. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ba a dogara da makunnin bango wajen kashe wuta idan za a yi aiki.

Mai Shagon Kayan Wuta, Kasuwar Gumi:
Ku ba ni dama in yi magana ta ɓangarenmu, domin kullum laifin a kanmu yake ƙarewa. Gaskiya ne akwai kaya marasa kyau a kasuwa, amma idan ka ajiye wa mai saye iri biyu ka gaya masa bambancinsu, mafi yawa mai arha suke ɗauka. Mai kyau idan ka ɗaga za ka ji nauyi, ƙarfen bayansa tagulla ce mai kauri, sukurunsa ba ya zamewa idan ka ɗaure, kuma ramuka biyu na ƙasa suna da murfi a ciki wanda ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar filogi ta shiga ramin sama. Wannan murfin don yara aka yi shi, amma sai ka ga babba ya sa makulli ko tsinke ya danne shi don ya cusa filogi mai ƙafa biyu, ko ma tsirarar waya da ashana. Wane soket ne zai jure wannan? A duba tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da adadin amfiya da aka rubuta a jiki. Waya ma haka, akwai wadda alminiyom ce aka shafe da jan ƙarfe, idan ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari.

Mai Wayarin, Tudun Wada:
Maganarka gaskiya ce Alhaji, sai dai tambarin ma ana buga na jabu, don haka nauyin da kankarewar sun fi ba ni natsuwa. Kuma mai saye ba ya tare da mu lokacin da ake rubuta lambar kauri 2.5 a jikin wayar da ba ta kai ba. Tunda an zo kan waya, fitila ana ja mata mai kaurin 1.5, soket kuma 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki a ja musu layinsu daban da waya mai kauri, galibi 4, da makunni mai amfiya 20 da yake yanke waya biyu. Abin da nake yawan tararwa shi ne an ɗauko wuta daga makunnin fitila da siririyar waya an yi soket, daga baya aka jona masa firij ko hita. Idan Alhaji na Unguwar Dosa ya buɗe soket ɗin ɗakin girki ya ga wayar siririya ce, to ba soket ne matsalarsa ba, kuma sabo ba zai magance ta ba.

Malamar Asibiti, Kawo:
Ina bin wannan muhawara tun farko, kuma ina so in ƙara abin da ya shafi jiki. Ba sai wuta mai yawa ba take kisa. Kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙanƙame tsokar hannu har mutum ya kasa sakin wayar, idan kuma ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Jiƙaƙƙen hannu, ko gumi, ko tsayawa ba takalmi a daɓen da aka wanke, duk suna sauƙaƙa mata hanya, saboda haka wanda ya idar da alwala ya goge hannunsa sosai kafin ya taɓa makunni, balle ya buɗe shi. Kada mutum ya yi wannan aiki shi kaɗai a gida. Idan wuta ta kama wani, kada a cafke shi da hannu. A kashe daga akwati, idan ba zai yiwu ba a ture shi da busasshen katako. Idan ba ya numfashi a fara danna ƙirji nan take a kuma nemi mota. Al'adar ɗura wa mutum madara wai wuta ta zuƙe masa jini ba ta da tushe, kuma wanda bai farfaɗo sosai ba tana iya sarƙe shi. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, domin ƙunar wuta ta ciki takan fi abin da ake gani a fata.

Injiniya mai ritaya, Barnawa:
Malama ta kawo mu ga abin da nake ganin gidajenmu suka fi rasawa. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa, ba mutum ba, domin sai amfiya masu yawa sun wuce take faɗuwa, alhali abin da zai tsayar da zuciya bai kai amfiya ɗaya ba. Akwai wata bireka daban mai lura da yoyon wuta, wadda ake rubuta 30mA a jikinta, tana da ɗan maɓallin gwaji. Ita tana kwatanta abin da ya fita ta wayar wuta da abin da ya dawo ta nutural, da zarar ta ga giɓin miliamfiya 30 sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Duk wanda ya buɗe akwatinsa bai gan ta ba, ya sa a saka masa, ya kuma riƙa danna maɓallin gwajin lokaci-lokaci. Na san wasu suna cire ta da damina wai ta cika faɗuwa, alhali faɗuwar tana gaya musu ne cewa danshi ya shiga wani soket ko wata na'ura tana yoyo.

Haka kuma ramin atin a fuskar soket ba shi ne atin ba. Sai akwai waya a bayansa da ta tafi har sandar da aka kafa a ƙasa, kuma an auna ta da na'urar da aka yi don haka. Wannan ba aikin magidanci ba ne.

Matashi, Rigasa:
To Baba Injiniya, idan na fahimta, kuna cewa kada kowa ya taɓa komai sai ya kira mai gyara ke nan? Ai ba kowa ne yake da kuɗin kiran mutum saboda makunni ɗaya ba, kuma wasu masu gyaran su ne suka yi aikin da kuke kuka da shi.

Injiniya mai ritaya, Barnawa:
Ban ce haka ba, ɗana, kuma rabin maganarka ta biyu gaskiya ce. A ra'ayina, mutumin da yake da mita, ya iya amfani da ita, ya san duk hanyoyin da wuta take shigowa gidansa, yana iya cire makunni ko soket da ya fashe ya sa irinsa, matuƙar wayoyin da ya tarar lafiyayyu ne kuma a bayyane suke. Amma inda aka ga ƙuna, ko babu atin, ko launi ya rikice, ko banɗaki ne, ko ana so a ƙara sabon soket, ko gida ne mai layi uku inda tsakanin layi da layi ya kai wajen bolt 400, to a kira masani. Mitar kuɗin wuta da abin da ke gabanta kuwa na kamfanin rarraba wuta ne, ba a taɓa hatiminsu. Game da zaɓen mai gyara, hukumar NEMSA da dokar 2015 ta kafa ita ce take ba masu aikin wayarin takardar shaida, akwai kuma takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi a nuna maka. Ka kuma lura da abin da ya fara yi idan ya shigo. Wanda ya nufi bango da fulaya bai tambayi inda akwatin bireka yake ba, ka sallame shi cikin mutunci.

Magidanci, Unguwar Dosa:
Na gode ƙwarai, jama'a. Ba ni da mita, kuma ban san waɗanne soket ne suke kan inbata ba, domin ba na gida aka haɗa shi. Na sauke bireka ɗin ɗakin girki, na gwada da fitila na ga soket ɗin ya mutu, na manna salatif a fuskarsa. Abin da ya rage shi ne ko ni zan kira mai gyara ko mai gidan.

Hajiya, Malali:
Alhaji, ni ina da 'yan haya, kuma abin da nake so daga gare su shi ne su sanar da ni kafin a buɗe bango. Ka tura masa hoton soket ɗin da na filogin yau, ka rubuta masa a saƙo don ya zama akwai shaida. Idan soket ne kawai, yawanci ɗan haya yakan biya abinsa ba a kai ruwa rana ba. Idan kuwa aka buɗe aka ga waya ce siririya ko babu atin, wannan gyaran gini ne, ku zauna ku yi magana a kan cirewa daga kuɗin haya kafin a fara aikin. Mai gidan ma yana iya sanin wanda ya yi wayarin tun farko da inda bututun ya bi, wanda zai rage fasa bango. Malam na Tudun Wada, ni ma zan sa a duba ɗakin nan nawa a makon nan, sai ka gaya mini abin da zan ce a auna.

Mai Wayarin, Tudun Wada:
Hajiya, ki ce wa mai gyaran ya kashe makunnin, ya auna mariƙin ƙwan tsakaninsa da atin a gabanki. Idan mita ta nuna wuta, to a sauya wayoyin a inda aka haɗa su a silin, kuma tunda hannu ɗaya ne ya yi gidan, a bi sauran ɗakunan ɗaya bayan ɗaya a auna su haka.